Malam Umaru Falke: Ɗan kasuwar Kano da ɗakin karatunsa ya koma jami'a a Amurka

A garin Evanston da ke daf da birnin Chicago a Amurka, cikin laburaren Jami'ar Northwestern, akwai tarin littattafai da takardu 3,323 da ake kira da sunan wani Bakano. Mai su shi ne Malam Umaru Falke, ɗan kasuwa mai tafiye-tafiye kuma malamin zaure, wanda ya rasu a shekarar 1962.

Shekaru da dama ke nan malaman jami'a da ɗalibai masu neman manyan digirori suna buɗe waɗannan takardu, suna rubuta littattafai da kundayen bincike daga cikinsu. A gida kuwa, ɗalibai da yawa sun gama jami'a a Kano ba su taɓa jin sunansa ba.

Masana suna daraja wannan tari saboda dalili guda da ya fi sauran: ya isa hannunsu a dunƙule, kamar yadda mai shi ya bari. Irin wannan ba kasafai ake samu ba a ƙasar Hausa, inda littattafan malami kan watse kafin a yi sadakar arba'in ɗinsa da daɗewa.

Haihuwa a shekarar Basasa

An haifi Umaru ɗan Abubakar a shekarar 1893 a ƙauyen Gulu, kusa da birnin Kano. Kakanninsa Abzinawa ne da suka gangaro daga ƙasar Azbin, wadda ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, suka zauna a ƙasar Kano suka zama Hausawa.

Shekarar haihuwarsa ba ta kwanciyar hankali ba ce. A ƙarshenta Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi mubaya'a, yaƙin Basasa ya ɓarke. Sai a 1895 ƙura ta lafa, Aliyu Babba yana kan gadon sarauta.

Yana ɗan shekara goma wata duniyar ta sake juyawa. A ƙarshen watan Janairun 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta tarar da ƙofar Bebeji a rufe, ta fasa ta da igwa. Ranar 3 ga Fabrairu ta shiga Kano. Daga nan har rasuwarsa ya ga zamanin Sarki Abbas, da Usman, da Abdullahi Bayero, da Muhammadu Sanusi na Ɗaya, ya kuma ga ranar da Turawan suka sauka daga mulki a 1960.

Falke: sana'ar da ta zama suna

Falke shi ne ɗan kasuwar da ke yin doguwar tafiya da kaya, jam'insa fatake. Sunan ya bi Malam Umaru har ya danne na mahaifinsa.

Mutanen kudancin Kano sun san wannan sana'a tun kaka da kakanni. Bebeji babban zango ne a kan hanyar Zariya, kuma gari ne na Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. A nan aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ya fara da goro kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. Can kudu kuma, a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, an daɗe ana haƙar kuza ana kai ta kasuwanni masu nisa. Ayarin da ya tashi daga Kano yakan fita da tufafin rini da kanwa da fatu, ya komo da goro bayan watanni.

A cikin ayari, bayan madugu da jagaba da uban dawaki, akwai malami. Shi ke limanci, shi ke rubuta wasiƙa, shi ke riƙe lissafin bashi, shi ake nema idan wani ya kwanta ciwo ko ya rasu a hanya. Don haka fatauci da malanta sun daɗe suna tafiya tare, kuma a zango-zangon Hausawa, daga Salaga zuwa Kumasi da Ikko, littafi kaya ne kamar sauran kaya: a saya, a ara, a kwafa.

Malam Umaru ya shiga sana'ar a lokacin da take sauya kama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni a kan jaki ta koma ta 'yan kwanaki. Falken wannan zamani yana iya isa garuruwa da yawa, ya zauna da malamai da yawa, ya kuma ɗauko littattafai masu nauyi ba tare da tunanin abin da dabba za ta iya ɗauka ba. Malam Umaru ya ci gajiyar wannan sauyi, kuma ɗakin karatunsa shaida ne.

Karatu a wurin Salgawa

A birnin Kano ya shiga sahun almajiran Malam Muhammadu Salga, wanda laƙabinsa ma daga garin Salaga na 'yan goro ya samo asali. Malam Salga ya yi fice a fiƙihun Malikiyya, kuma ya yi muhawara mai zafi da malaman Madabo a kan wasu al'adun da ake yi wajen jana'iza da sadakar mamaci. Muhawarar da alƙalami aka yi ta: wannan ya rubuta, wancan ya mayar da martani, kowa yana kafa hujja da littafi. Almajirin da ya tashi a irin wannan zaure dole ya san darajar samun littafi a kusa da hannu.

Waɗanda suka fito daga wannan makaranta su ake kira Salgawa. A cikinsu ake lissafa Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari, da Shehu Abubakar Atiku Sanka, da Shehu Sani Kafinga, da Shehu Maihula, da shi Malam Umaru Falke. Dukkansu 'yan ɗariƙar Tijjaniyya ne.

Bayan Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajjin 1937, Shehun ya ziyarci Kano a tsakiyar shekarun 1940, kuma Salgawa ne suka zama ginshiƙin tafiyarsa a Najeriya. Malam Umaru yana cikin waɗanda suka karɓe shi. Hakan ya buɗe wata sabuwar hanya tsakanin Kano da Kaulaha ta ƙasar Sanagal, hanyar da mutane da wasiƙu da ƙasidu da littattafai suka riƙa kai da komo a kanta. Ɗan kasuwar da ya saba da hanya, ya san masauki a kowane zango, ya dace da wannan aiki ƙwarai.

Yadda ake tara littafi kafin injin ɗab'i ya yawaita

Wanda ke sauke littafi a waya cikin daƙiƙa biyu zai so ya san abin da lambar 3,323 ke nufi a wancan zamani.

Mafi yawan abin da ke cikin tarin Falke rubutun hannu ne na ƙarni na 19 da farkon na 20. Takardar da ake rubutu a kai tsada gare ta. Da yawanta daga Italiya ake kawo ta, ta biyo ta Tarabulus ta ƙetare Sahara, kuma idan aka ɗaga ta a haske ana ganin tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Tawada a gida ake dafa ta, alƙalami kuma a fere shi da wuƙa.

Mai son littafi yana da hanya uku. Ko dai ya saya a wurin masu sayar da littattafai na Kasuwar Kurmi, ko ya biya marubuci ya kwafa masa, ko ya aro ya zauna ya kwafa da hannunsa. Babban littafi kamar Muhtasar na Halilu aikin watanni ne. Ba a ɗinke littafin. Warƙoƙi ne a sake, a ƙasan kowace an rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye don kada a rikita jeri, sannan a haɗa su cikin tadarishi a zura a gafaka.

Wannan tsari yana da amfani. Malami yana iya raba warƙoƙin littafi ɗaya ga almajirai biyar a lokaci guda, kowa ya karanta nasa ya dawo da shi. Illarsa kuwa ita ce warƙar da ta fita ba ta dawo ba ta gurgunta littafin har abada.

Zauren malami irin Malam Umaru yana yin aikin da laburaren jami'a ke yi a yau. A nan almajiri ke samun littafin da zai hau na gaba, daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya zuwa Risala, daga Ajurumiyya zuwa Alfiyya. A nan ake aro, a nan ake kwafa, a nan ake tambayar wane littafi ne ya yi magana a kan mas'ala kaza. Bambancin shi ne fihirisar tana cikin kan malamin. Shi kaɗai ya san gafakar da kowane abu yake. Ranar da ya rasu, fihirisar ta bi shi kabari.

Abin da ke cikin tarin

Tarin Falke ya fi ƙarfi a sufanci da fiƙihun Malikiyya, sannan tauhidi da nahawu da adabi. Akwai rubuce-rubucen shugabannin jihadi na Afirka ta Yamma da na sauran malaman yankin, akwai kuma waɗanda shi Malam Umaru ya wallafa da kansa, domin marubuci ne. Mafi yawa da Larabci suke, wasu kuma da Hausa cikin ajami.

Ɓangaren da ya fi ba manazarta mamaki shi ne na asirai da magunguna: laƙani, hatimi, addu'o'in tsari da fa'idoji iri-iri. Irin waɗannan takardu malamai ba su cika fitar da su ba, kuma masu tattara littattafai a da sukan raina su, su ɗauki manyan littattafai su bar su. Amma su ne ke nuna abin da ke damun mutane a rayuwar yau da kullum, da abin da ke kawo su zauren malami: ciwo, haihuwa, tsoron hanya, cinikin da ya tsaya. Mai nazarin tarihin lafiya ko na kasuwanci a Kano yana samun abin da ba zai samu a rahoton Razdan ba.

Shi ya sa zaman tarin a dunƙule yake da muhimmanci. Littafi guda yana faɗin abin da marubucinsa ya sani. Ɗakin karatu cikakke kuwa yana faɗin abin da mai shi ya karanta, da fannin da ya fi ba ƙarfi, da littafin da ya mallaki kwafinsa fiye da ɗaya saboda yawan masu nema, da garuruwan da iliminsa ya biyo kafin ya iso gare shi. Wanda ya duba tarin Falke yana ganin manhajar karatun Kano ta farkon ƙarni na 20 a shimfiɗe.

Daga Kano zuwa Evanston

Malam Umaru Falke ya rasu a 1962. A wannan shekarar ce aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, jami'a ta farko a Arewa, kuma a cikinta ne kwalejin da aka kafa a Kano a 1960 ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Wato ya bar duniya daidai lokacin da ake aza harsashin laburaren jami'a a ƙasarsa.

A tsakiyar shekarun 1960 wani Ba'amurke mai suna John Paden ya zo Kano yana binciken digirin digirgir a kan malamai da siyasa. Littafin da ya fitar a 1973 a kan addini da al'adun siyasa a Kano ya yi bayanin Salgawa da matsayin Malam Umaru a cikinsu. Paden ya koyar a Northwestern, kuma ta hannunsa tarin ya isa laburaren nazarin Afirka na jami'ar, wanda ke ɗauke da sunan Melville Herskovits, aka kuma kafa shi a 1954. Daga baya Paden ya koyar a Zariya da Kano, kuma shi ne ya rubuta babban littafin tarihin Sardauna Ahmadu Bello da ya fito a 1986.

Isar takardun can ba ta wadatar ba. Tulin takarda ba laburare ba ne sai an san abin da ke ciki. Wani ɗan Najeriya masanin ilimin laburare, Abdullahi Mohammed, ya zauna ya bi tarin, ya rubuta kundin digirin digirgir a kan Malam Umaru da ɗakin karatunsa, ya kammala a 1978. Bayan haka Farfesa John Hunwick, tare da Hamid Bobboyi da Muhammad Sani Umar, waɗanda a lokacin suke karatu a jami'ar, suka yi aikin shigar da bayanan takardun cikin kwamfuta: sunan littafi, mawallafi, fanni, yawan warƙoƙi. Yanzu fihirisar tana kan intanet.

Tarin Falke shi ne mafi girma a cikin rubuce-rubucen Larabci na Afirka ta Yamma da laburaren ya mallaka, waɗanda jimillarsu ta kai kimanin 5,000. Ya kuma zama ɗaya daga cikin madogaran babban kundin da Hunwick ya fitar a 1995, wanda ya jera malaman wannan yanki da abin da kowannensu ya rubuta. Mai bincike a Zariya ko Alƙahira ko Landan da ya ga an rubuta sunan Falke da lamba a gefen wani littafi, to gafakar Malam Umaru ake nuna masa.

Riba da asara

Maganar tana da fuska biyu, kuma kowace tana da gaskiyarta.

Tafiyar tarin ta cece shi. Yana wurin da gara ba ta isa, damina ba ta yi masa yoyo, gobara ba ta kusa, kuma kowace takarda tana da lamba. Da an raba shi gida-gida, da wuya a ce yau ana iya lissafa 3,323.

A ɗaya ɓangaren, ɗalibin Jami'ar Bayero, ko ta Wudil, ko ta Zariya, da ke son nazarin abin da malaman Kano suka karanta, yana iya ganin sunan littafin a wayarsa, amma takardar kanta tana bayan teku. Tsakaninsa da ita akwai biza da kuɗin jirgi. Ilimin da aka tara da ribar kasuwancin Kano ya fi sauƙin samu ga ɗalibin Chicago.

Ba a rasa wuraren adana irin waɗannan takardu a gida ba. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafawa a 1970. Akwai shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, da sashen rubuce-rubucen hannu na laburaren Jami'ar Bayero, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna. Sai dai abin da ya isa waɗannan wurare kaɗan ne daga abin da ke cikin gidajen mutane.

Gafakar da ke rataye a soro

Malam Umaru ba shi kaɗai ba ne falken da ya tara littattafai. Garuruwan da ayari ya ratsa duk sun yi malamai masu zaure. A Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa, ba abin mamaki ba ne a shiga tsohon gidan malanta a tarar da gafaka a rataye, ko adaka a ƙarƙashin gado, cike da warƙoƙin da jikoki ba sa iya karanta rubutunsu.

Abubuwa uku ke cinye irin wannan dukiya. Na farko gara da ruwa da wuta. Na biyu rabon gado: idan aka ƙiyasta littattafai aka raba wa magada, ɗakin karatu ya mutu ko da kowace warƙa ta tsira, balle a ce littafi guda ne aka raba shi biyu. Na uku rashin sani, inda ake ganin tsohuwar takarda ba ta da sauran amfani, a ƙone ta ko a binne don girmama ayoyin da ke ciki.

Rayuwar Malam Umaru da abin da ya faru da littattafansa sun nuna mafita, kuma ba mai tsada ba ce. Magada suna iya yarda a bar littattafan wuri guda a matsayin waƙafi, kamar yadda shari'a ta ba da dama, kowa yana da haƙƙin karantawa, ba mai haƙƙin ɗauke wani ɓangare. Ana iya ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bango mai danshi. Ana iya neman malamin da ya iya karatun tsohon rubutu ya zauna da wani matashi, su rubuta sunan kowane littafi da mawallafinsa da yawan warƙoƙinsa a littafin rubutu na makaranta. Wannan ita ce fihirisa, ita ce kuma aikin da masana suka shafe shekaru suna yi wa tarin Falke. Bayan haka wayar da ke hannu tana iya ɗaukar hoton kowane shafi bi da bi, ba tare da an sauya jerin warƙoƙin ba.

Nan ne kuma laburaren jami'a ke da aikin da ya wuce sayen sababbin littattafai da biyan kuɗin mujallun intanet. Jami'o'in Kano suna da sassan Larabci da Tarihi da Hausa da ilimin laburare, kuma kowace shekara ɗalibansu suna neman abin da za su yi bincike a kai. Ɗalibi ɗan Kiru ko ɗan Doguwa da aka tura garinsu ya jera littattafan gida ɗaya, ya ɗauki hotonsu da izinin masu su, ya kawo kwafi laburare, ya samu kundin digiri, iyalin sun riƙe kayansu, jami'a kuma ta samu abin da babu shi a ko'ina a duniya.

Malam Umaru Falke ya yi shekara kusan saba'in a duniya. Kayan da ya saya ya sayar a kasuwanni sun ƙare tun da daɗewa, ba wanda ya san inda suka shiga. Takardun da ya riƙa cusawa a tsakanin kayan su ne suka rage, kuma har yau ana buɗe su.

Allah Ya jiƙansa da rahama.